Tambayoyin da mata suka fi yi mini kan saƙar safa da tiriko a nan Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni malamar lakwal ce, uwar yara huɗu, muna zaune a Birni, kuma yau shekara goma sha ɗaya kenan ina saƙa da allura. Duk inda na zauna na fiddo zare daga jaka, ko gidan suna ne ko layin ganin likita ko ɗakin malamai lokacin rekire, sai an samu wadda ta matso ta taɓa ta yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Shi yasa na tara su wuri guda da amsoshin da nake bayarwa. Kalmomin da nake amfani da su na gwaggona ce da ta koya mini, ita kuma a fwaye, gidan koya wa mata sana'ar hannu, ta koya tun tana budurwa: kowane zoben zare da ke kan allura “ido” muke ce masa, akwai saƙar gaba akwai saƙar baya, in kin kai ƙarshen allura kin yi layi ɗaya, in kuma aikin mai zagayawa ne kamar safa kin yi kewaye ɗaya.

Madam, a wannan zafin na Damagaram wa zai sa tiriko?

Mai wannan tambayar kullum a watan Afirilu ko Mayu take yinta, lokacin da zafi ya wuce digiri 40 ana kwana a tsakar gida. Ki dawo ki tambaye ni a Janairu da asuba. Sanyin garin nan yakan sauko wajen digiri 15, wani daren ma ƙasa da haka, ga iskar hunturu da ke busowa daga arewa ba abin da ke tare ta, ga ɗakunanmu na kwano da tagogi marasa gilashi. Ni nake ganin yaran da ke shigowa aji ƙarfe takwas sun dunƙule hannu cikin hammata, leɓe ya fashe, hanci na zuba, wani riga uku ya ɗora duk na shan iska. Ga ƴan kabu-kabu da ke fita tun duhu, ga tsofaffi masu zuwa sallar asuba, ga jarirai. Wata biyu zuwa uku ne kawai a shekara, daga Disamba zuwa Faburairu, amma wata ukun nan suna kwantar da yara da tari sosai. In kuma kina da ƴan uwa a Tanut ko Agadas to su nasu sanyin ya fi namu cizo.

Ina kike samun lokaci, ga aiki ga yara ga girki?

Ba ni da wani lokaci na musamman da na ware wa saƙa wallahi, tsinta nake. Safa ƙaramin aiki ce, da zaren da alluran duk suna shiga ƴar jakar da na ɗinka da ragowar atamfa, to duk inda zan zauna jira tana tare da ni. In na aza tukunyar wake kafin ta nuna na yi kewaye biyar ko shida. In yara na bitar karatu bayan magariba ina gefe kan tabarma, kunne na wajensu hannu na aiki. Ranar da famfo ya kawo ruwa tsakar dare muka tashi tarar bido da duro, wannan zaman jiran cikar bido ɗin ma saƙa nake, don in na ce zan kishingiɗa barci zai kwashe ni ruwa ya malale. Tiriko shi ne mai son zama, shi sai bakans, daga Yuli zuwa Satumba, ga damina an ɗan samu sanyi ana iya ɗora shi kan cinya ba a jiƙe da zufa ba. Kafin a koma lakwal a Oktoba ina so in ga jikin rigar ya ƙare, hannuwa kaɗai suka rage.

Akwai satin da bana taɓa allura ko sau ɗaya, satin gyaran takardun kompozisyon ko in yaro ba lafiya, kuma bana jin komai don aikin baya lalacewa, inda kika ajiye nan za ki tarar. Abu ɗaya kawai, kar ki ajiye a tsakiyar layi, ki ƙarasa shi, ki rubuta a ɗan kaye layi na nawa kike.

Wane zare ne ya dace da safa?

Nan zan ɗan daɗe don nan mutane suka fi asarar kuɗi da wahala. Zaren da ya cika kasuwa wanda kowa ke kira ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya bane, akirilik ne, daga man fetur ake yinsa kamar roba. Yana da araha, launinsa baya zuba, asu baya cinsa, kuma yana da kyau ga hula da tirikon yara. Amma ga safa ba ya jurewa, diddige ke cinye shi cikin sati kaɗan, kuma yana riƙe zufa ƙafa ta yi wari. Zaren safa na ainihi in kin duba takardar da ke naɗe da curin za ki ga an rubuta kashi 75 ulu kashi 25 nailan, siriri ne, giram 100 yana da tsawon mita 400 ko fiye kaɗan, kuma curi ɗaya na giram 100 ya ishi safar babban mutum ƙafa biyu. Ulun shi ke ba da ɗumi yana kuma shanye zufa, nailan ɗin shi ke hana diddige hujewa.

Dalilin da yasa ulu na gaske ke wuya a wajenmu a fili yake, tumakinmu balami da uda gashi gare su gajere irin na akuya, ba a aske su a kaɗa. A ƙasar nan tunkiya mai ulu, kamar irin Kundum da ke can bakin kogi wajen Tilaberi, ba yawa gare ta ba. Ulun da ke cikin zaren kanti da yawansa na tunkiyar merino ne, asalinta daga Sipaniya, yanzu kuma Ostireliya ce ta fi kowa kiwonta. To kin ga nisan da zai yi kafin ya iso kasuwar Dole. Ni dai nawa saƙo nake bayarwa in wani zai tafi Yamai ko Kano, in ɗauki hoton takardar curin in tura masa a waya don kar a kawo mini wani abu daban. In bai samu ba, hanyar da ta rage ita ce gwanjo, ga bayaninta a ƙasa.

Zaren auduga fa? Yana da daɗi a fata kuma ya dace da ƙasarmu, sai dai ba ya komawa in ya miƙe, safar auduga zalla zamewa take ta taru a idon sawu. In shi za ki yi amfani da shi ki yi dukan ƙwaurin da saƙar gaba biyu baya biyu don ta kama ƙafa.

Da gaske ana warware tirikon gwanjo a sake saƙawa?

Ƙwarai kuwa, rabin abin da yarana ke sawa daga nan ya fito. Ranar Alhamis da kasuwar Dole ke ci nake shiga wajen masu gwanjo, kuma an fi samun sa'a a ƙarshen Faburairu zuwa Maris da sanyi ya wuce suna neman rabuwa da kayan. Abu biyu nake dubawa. Na farko ƴar takardar da ke wuya ko gefe, in ga ko ulu ne da kashi nawa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, in juya rigar in duba ɗinkin gefe. In kin ga an bi bakin da keken sirfile, zare ya naɗe gefen kamar na tishat, ki ajiye ta ko kyauta aka baki, don yanka saƙar aka yi da almakashi, in kin warware guntu-guntu za ki samu kowane layi da nasa. Wadda kike nema ita ce mai gefe biyu lafiyayyu da aka haɗa da ɗinki mai kama da sarƙa, in kin samo bakin zaren sarƙar kika ja, zuuu take buɗewa.

Daga sama ake warwarewa zuwa ƙasa. Ina kifa kujera in dinga naɗe zaren a ƙafafunta, autata na riƙe da rigar tana dariya tana cewa taliya ce, don haka zaren ke fitowa a lanƙwashe kamar indomi. In na gama sai in ɗaure damin wuri huɗu da wani zare don kar ya harɗe, in jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, in matse a hankali in rataya a inuwa. In ya bushe lanƙwasar ta tafi, sai a dunƙule. Tirikon babban namiji guda yana ba ni na yaro ɗaya har da hula.

Ba ni da allura, a ina zan samu?

Masu sayar da kayan ɗinki suna kawo dogaye guda biyu, su ne na tiriko, lamba 4 ita ce aka fi buƙata wato kaurin milimita 4. Na safa gajeru ne masu tsini kai biyu, guda biyar, kaurin milimita 2 da rabi, su ne ke wuyar samu. Safata ta farko da wayar ƙafar keke na yi ta, kaurinta wajen milimita 2 ne, na kai wa maƙeri ya yanka mini biyar tsawon santimita 20 ya fiƙe kawunan ya goge, ki dai zaɓi mai ƙyalli wadda bata tsatsa don ɗayar tana baƙanta zare. Tsinken gora irin na tsire shi ma yana yi in kin goge shi da sanfefa kin shafa masa kyandir, kuma ga mai koyo ya fi ƙarfe sauƙi don ido baya zamewa a kansa. Ki nemi kwarashi ƙarami guda, shi ke ceto in ido ya faɗi.

Anti ido nawa zan ɗora na safa?

Ba zan baki lamba ba sai kin auna, ƙanwata. Ki ɗora ido 36 da zarenki da allurarki, ki saƙa har ya yi kamar tafin hannu, ki shimfiɗa ki aza santimita ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. Da zaren safa da allura 2 da rabi yawanci 30 ne, wato ido 3 a santimita ɗaya. Sai ki auna kewayen ƙafar mai safar a wuri mafi faɗi, ƙasan yatsu. A ce ya ba da santimita 23, sau 3 ya zama 69. To ki cire kashi ɗaya cikin goma don safa sai ta ɗan matse take zama, in daidai ƙafa kika yi ta lanƙwashewa za ta yi cikin takalmi. Ya rage wajen 62, sai ki ɗauki lambar da ke rabuwa huɗu mafi kusa, 60 ko 64. Mace mai matsakaiciyar ƙafa 60, namiji 64 ko 68, yaro ɗan shekara biyar ko shida wajen 48.

Ki ɗora idon da sako-sako. Bakin safa sai ya wuce ta diddige, in kin matse layin farko duk sauran aikin ya tashi a banza.

Diddige ne ke ba ni tsoro, yaya ake juya shi?

Kowa haka yake ji kafin ya yi na farko, ni kwana uku na yi ina kallon nawa. Bari in faɗi yadda nake yi da ido 64. Bayan kin yi bakin gaba biyu baya biyu kamar santimita 4, kin saƙa ƙwauri tsawon da kike so, sai ki raba idon biyu. 32 ki barsu suna hutawa, su ne saman ƙafa. Sauran 32 ki dinga saƙa su je ki dawo, layin gaba layin baya, har layi 32, kuma idon farko na kowane layi kar ki saƙa shi, ki zame shi kawai zuwa ɗaya allurar, wannan zai bar miki ƴan sarƙoƙi 16 a kowane gefe da za ki buƙata an jima.

Yanzu juyawar. Ki raba 32 ɗin uku a ranki, 11 da 10 da 11. Goman tsakiya su kaɗai za ki ci gaba da saƙawa, duk sanda kika kai idon ƙarshe na tsakiyar sai ki haɗa shi da na farkon gefe ki saƙa su tare a matsayin ɗaya, ki juya aikin, ki dawo, ki yi haka a ɗaya ɓangaren. Tsakiyar na cin gefe ɗaya-ɗaya har su ƙare, kina dubawa za ki ga wani ɗan koko ya fito da kansa a hannunki, diddigen kenan. Har yau in na kai nan sai na tsaya na sa babban yatsa ciki na ji daɗi. Daga nan ki tsinci ido 16 daga sarƙoƙin gefe ɗaya, ki saƙa 32 ɗin da ke hutawa, ki tsinci 16 a ɗaya gefen, kin koma kewaye. Idonki yanzu 74 ne, sai ki rage ɗaya a kowane gefe kewaye ɗaya ki tsallake ɗaya har su dawo 64. Ki miƙe har ya rage santimita 5 ki kai tsawon ƙafa, sannan ki fara rage ido 4 a kewaye, ɗaya ragi ɗaya hutu, in sun yi kaɗan ki rufe da allurar ɗinki.

In karatu bai shige ki ba ki sami wadda ta iya ki zauna kusa da ita sau ɗaya, ko ki nemi bidiyo a YouTube ki rage gudunsa, ko da yaren da bakya ji ne hannun za ki kalla.

Na gama ƙafa ɗaya na kasa fara ta biyu, ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai ba ce. Maganin da na samu shi ne in raba curin biyu tun farko in yi su tare, yau bakin wannan gobe bakin waccan, diddige da diddige a sati ɗaya. Suna fitowa daidai da juna ma, don hannun mutum yana canjawa, saƙar da kika yi cikin natsuwa da wadda kika yi ranki a ɓace matsinsu ba ɗaya bane.

Tiriko fa, daga ina mai koyo za ta fara?

Daga na jariri ko ƙaramin yaro, don ki ga ƙarshensa kafin zuciya ta gaji. Na jariri giram 150 zuwa 200 ya isa, ɗan shekara shida wajen 300, babban mutum 500 zuwa 600 da matsakaicin zare da allura lamba 4. Ki sayi zaren duka rana ɗaya kuma ki duba lambar rini da ke kan takarda ta zama ɗaya, curi biyu masu suna ɗaya in ba tukunya ɗaya aka rina su ba, a cikin shago ba za ki gane ba sai an fita rana ki ga layi ya raba ƙirjin rigar.

Ni na fi son wanda ake farawa daga wuya a sauko, da allura mai igiya, irin tirikon da ake kira ragilan, wanda layin ƙari ke gangarowa daga wuya zuwa hammata. Sunan wani hafsan sojan Ingila ne da ya rasa hannu a yaƙin Watalu a 1815. Ana ƙara ido 8 a kewaye, biyu a kowace kusurwa huɗu, kewaye ɗaya ƙari ɗaya hutu, har faɗin ya kai hammata, sai a ware idon hannuwa a kan wani zare a ci gaba da jiki. Amfaninsa ga mai yara babba ne, kina iya gwada wa yaro tun aikin na kan allura, kuma baɗi in ya yi tsawo sai ki kwance bakin ƙasa da na hannu ki ƙara santimita biyar, ya sake shekara da shi.

Shi ma sai kin yi ɗan gwajin nan na tafin hannu, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In tsarin da kike bi ya ce ido 22 a santimita 10 ke kuma hannunki 20 yake bayarwa, ido 220 da ya kamata su ba da ƙirjin santimita 100 za su ba da 110. Kuma ki kula da wuya. Kan yaro babba ne in an gwada da jikinsa. Na taɓa yi wa ɗiyata ta biyu wani ja tun tana shekara uku, wata biyu ina yi, ranar da na gama ta zo da gudu ta ɗaga hannuwa, wuyan ya tsaya a goshinta ya ƙi wucewa, ta fashe da kuka a ciki. Raina ya ɓaci sosai ranar, a daren na kwance wuyan na buɗe kafaɗa ɗaya na sa maɓalli uku, da safe ta tafi gidan kakarta da shi. Tun daga nan duk na ƙaramin yaro da maɓalli a kafaɗa nake yi.

Akirilik ko ulu ga yara, wanne ya fi?

Ga wanki da aljihu akirilik, kuma wasu yaran ulu na sa musu ƙaiƙayi, sai an sa riga a ciki. Amma dan Allah iyaye mata ku ji wannan. Lokacin sanyi yaranmu kewaye wuta suke yi da safe, ko kaskon gawayi ko murhu. Akirilik in wuta ta taɓa shi narkewa yake kamar leda ya manne a fata, ulu kuwa babbakewa yake ya yi warin gashi kuma yakan mutu da kansa. Haka ma ake gane su in ba takarda, ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje, in ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri roba ne, in ya zama toka mai murjewa ulu ne. Yaron da ke sanye da akirilik kar a barshi ya miƙa hannu kan wuta, kuma ki yi masa hannun riga mai kama wuyan hannu, kar ya zama mai lilo.

Yaya ake wankewa ba ya lalacewa, ga ƙura ga ƙarancin ruwa?

Ba kullum ake wanke shi ba, musamman ulu, ki kakkaɓe ƙurar ki shanya a inuwa ya sha iska. In wankin ya zo rabin bokiti ya isa, kuma duk wanda ya sayi ruwa wajen ƴan garuwa a garin nan ya san darajar rabin bokiti. Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, ki jiƙa ki dinga dannawa, banda cuɗawa banda murɗawa. Gashin ulu yana da ƴan ɓawo-ɓawo da ido baya gani, in ruwan zafi da sabulu da cuɗa suka haɗu sai su sarƙe da juna, rigar ta tsuke ta yi tauri kamar bargo kuma bata dawowa. Ki naɗe a tsohon zane ki taka ya tsotse ruwan, ki shimfiɗa a kwance kan tabarma a inuwa. In kin rataya a igiya nauyin ruwa zai ja shi. Da busasshiyar iskar hunturu kafin la'asar ya bushe. Dutsen guga kuma kar ya kusanci akirilik.

In sanyi ya wuce ina zan ajiye su?

Ki wanke tukunna, asu zufa da maiƙo yake bi. In sun bushe sarai ki sa a leda ko akwatin ƙarfe mai rufi da busasshen ganyen bedi, ki ɗaga daga ƙasa saboda gara. In kafur za ki sa ki tabbata yara basa kaiwa, suna ɗauka alewa ce. Ni a tsakiyar damina nakan buɗe sau ɗaya in duba.

Ana shafa a kan safar saƙa wajen alwala?

Wannan ta malamai ce, amma abin da muka karanta a littafan Malikiyya da ake koyarwa a nan shi ne shafa a kan huffi na fata ake yi. Surukina, Baba, abin da yake yi shi ne ya sa safar da na saƙa masa sannan ya ɗora huffin da dukawa suka ɗinka masa a kai. Dalilin fara yi masa ma faso ne, duk hunturu diddigensa tsagewa yake har jini, yana ɗingishi zuwa masallaci. Yanzu da dare yana shafa man kaɗe ya sa safa ya kwana da ita. Tasa nakan yi bakin da sako-sako don yana da ciwon suga, ba a son abin da zai matse masa ƙwauri, kuma bana barin ƙulli ko ɗaya a ciki da zai goge masa fata.

Wannan ba aikin turawa bane? Kuma namiji na iya yi?

Safa mafi tsufa da aka samu wadda aka saƙa da allura irin wannan a Masar aka tono ta, ta wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, da zaren auduga fari da shuɗi, wasu har da rubutun Larabci a jikinsu. Daga baya ne sana'ar ta bazu a Turai. Batun namiji kuwa, masaƙanmu na gargajiya masu saƙar fari da gwado ai maza ne, masu ɗinkin hula da aikin babbar riga ma maza sun fi yawa. Ɗana na fari shekararsa goma sha biyu, shi ya saƙa hular da yake sawa zuwa makarantar allo da asuba.

Hannu da ido basa ciwo?

Suna yi in an zarce. In wuyan hannu ya fara zafi ko yatsu suka yi sanyi ki ajiye kwana biyu, kuma ki sassauta riƙon, masu koyo suna damƙe allura da ƙarfi. In an ɗauke kuran ina aiki da fitilar caji to zare mai haske nake ɗauka, baƙi da shuɗi mai duhu sai da rana.

Hajiya kina sayarwa? Nawa za ki yi mini?

Hular jarirai da ƴan takalmansu ina karɓar kuɗi in an yi oda, don dare biyu ne. Safa da tirikon manya kuwa bana sayarwa, kuma ba rowa ba ce. Safa ƙafa biyu ta ido 64 tana cin ido wajen 20,000, ni tana ɗaukata awa goma sha biyar zuwa ashirin, ga kuɗin zare, alhali a kasuwa da kuɗi kaɗan za ki sayi ta inji. In na faɗi kuɗin da ya dace da wahalar za ki ga kamar na tsawwala, in na karɓi kaɗan kuma zan dinga yi raina baya so, zumunci ya taɓu a banza. Abin da nake yi shi ne in koya miki, kyauta, ranar Asabar bayan la'asar mata huɗu zuwa biyar muke zama a zauren gidanmu, kowa da zarenta. Ta hannu in diddige ya huje ana kwance shi a sake sabo, ta Baba sau biyu ina canja mata diddige ƙwaurin na nan yadda yake shekara biyar.

Mi ke kan allurarki yanzu?

Abu uku. Safa ruwan toka ta maigida, ƙafa ɗaya ta wuce diddige ɗayar na bakin juyawa. Tiriko kore na autata daga zaren gwanjo, saura hannun hagu, kuma ina ganin zaren ba zai kai ba, to bakin hannuwan biyu da ruwan ƙwai zan ƙarasa su don su yi kama da ado. Sai ƴan huluna na bakwaini da wata ungozoma maƙwabciyarmu ta roƙe ni, ta ce jaririn da bai cika wata ba ta kai yake saurin yin sanyi, kuma hulunan kasuwa duk sun yi musu yawa suna rufe musu fuska. Ido 56 nake ɗorawa da zare mai laushi da allura lamba 3, ba ƙulli ba maɓalli. Na gama shida, ta ce in kawo goma kafin Disamba.